Kuɗin da Gwamnati Ke Biyan Matar Sojan da Ya Rasu: Nata Ne, ko Gado Ne?

Tambaya:

Idan soja ya rasu, a bakin aiki ko bayan ya yi ritaya, gwamnati takan biya iyalinsa kuɗaɗe, wasu a dunƙule, wasu kuma wata-wata da sunan matarsa. Shin ya halatta a karɓa? Kuma na matar ne ita kaɗai, ko za a raba wa magada? Idan ta yi wani auren fa, mene ne hukuncinsu?

Amsa:

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Karɓar waɗannan kuɗaɗe halal ne. Amma ka sani, ya ɗan'uwa mai karatu, ba jinsi ɗaya ba ne, kuma rigimar da ake yi a gidajen makoki yawanci daga haɗa su wuri guda take tasowa. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce: duk abin da mamaci ya riga ya mallaka, ko ya cancanta tun yana raye, to wannan gado ne. Abin da kuwa bai wajaba ba sai bayan mutuwarsa, kuma hukuma ta ambaci wanda za ta ba wa, to na wanda aka ambata ne, sauran magada ba su da haƙƙi a ciki.

Asalin wannan a Musulunci

Kula da iyalin mayaƙi bayan mutuwarsa tsohon abu ne a cikin wannan al'umma. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa bayan Allah Ya yi wa Musulmi buɗi, Annabi (sallallahu alaihi wa sallam) ya bayyana cewa wanda ya mutu ya bar dukiya ta magadansa ce, wanda kuma ya bar bashi ko iyali masu rauni to shi ne zai ɗauki nauyinsu. Malamai sun fahimci cewa wannan nauyi yana kan shugaba da baitulmali a bayansa. Bukhari ya kawo labarin wata matashiyar mace da ta tare Sayyidina Umar (Allah Ya yarda da shi) a kasuwa, ta ce mijinta ya rasu ya bar mata yara ƙanana ba gona ba dabba, ita kuma 'yar Khufafu ɗan Ima'u Bagifare ce, wanda ya halarci Hudaibiyya. Umar ya ɗora wa wani ƙaƙƙarfan raƙumi buhu biyu na abinci, ya sa kuɗi da tufafi a tsakaninsu, ya miƙa mata akala. Da wani ya ce kyautar ta yi yawa, Umar ya tuna masa cewa ubanta da ɗan'uwanta sun daɗe suna tsare da wata ganuwa har aka ci ta, Musulmi suka amfana da abin da ke ciki.

Malaman fiƙihu ma sun yi maganar a babin sojojin da ke cikin diwani, wato kundin albashin da Umar ya kafa. Mawardi a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya ya bayyana cewa abin da soja ya riga ya cancanta kafin mutuwarsa ana gadonsa, kuma bashi ne a kan baitulmali, sannan ya kawo saɓani game da ci gaba da ciyar da zuriyarsa. Imam Nawawi a cikin Minhaj ya tafi a kan cewa ana ba matar har ta yi aure, 'ya'ya kuma har su iya riƙe kansu. Ka ga ke nan rabe-raben nan biyu, da ma sharaɗin sake aure, duk magabata sun san su.

Idan gwamnatin ba ta Musulunci ba ce, wannan ba ya canza hukuncin. Annabi (sallallahu alaihi wa sallam) ya karɓi kyautar Muƙauƙis sarkin Masar, kuma kuɗin nan haƙƙi ne da doka ta tanada saboda aikin da aka yi. Fanshon gwamnati kuwa galibin malaman wannan zamani sun halatta shi, sun bambanta shi da inshorar kasuwanci, domin manufarsa kula da ma'aikaci ce ba neman riba ba.

Abin da yake gado

Albashin watan da ya mutu a cikinsa gwargwadon abin da ya cancanta, da bashin albashi ko na fansho da aka riƙe masa, da alawus ɗin fagen daga da ba a biya ba, da garatutin da ya wajaba a ba shi tun ranar ritaya amma aka yi jinkiri har ya rasu, da ajiyarsa ta ƙungiyar adashen ma'aikata, da abin da ke asusunsa na banki: duk waɗannan tarika ce. Jinkirin biya ba ya fitar da su daga mallakarsa, kamar yadda bashin da mutum ke bin ɗan kasuwa ba ya zama na wanda ya je ya karɓo.

Daga cikinsu za a fara fitar da kuɗin likkafani da binnewa idan hukuma ba ta ɗauka ba, sai basussuka, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba kuma ba ga magaji aka yi ta ba, sannan a raba sauran. Sadakin matar da bai gama biya ba yana cikin basussuka, za ta karɓe shi kafin rabo, kuma ba ya rage mata komai daga rabonta. Rabon nata yana cikin aya ta 12 ta Suratun Nisa'i: rubu'i idan mijin bai bar ɗa ko 'ya ko ɗan ɗa ba, tumuni idan ya bari, kuma matan da suka fi ɗaya wannan kason suke rabawa daidai.

Ga misali domin abin ya fito fili. A ce bayan an biya bashi an sami naira 2,400,000, mamacin ya bar mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, da kuma wa shaƙiƙi. Tumunin takaba naira 300,000 ne, kowace mace 150,000. Mahaifiya tana da sudusi, 400,000. Ragowar 1,700,000 a kasa biyar: 'yar ta ɗauki 340,000, kowane ɗa namiji 680,000. Wan mamacin ba shi da ko kobo, domin ɗa namiji ya katange shi, ko da kuwa sunansa ne a takardar soja.

A nan ya kamata a tsaya sosai. A Najeriya ana sa kowane soja ya rubuta makusancinsa a fom, abin da ake kira nes-of-kin a bariki. Yawancin samari suna cike wannan fom ne ranar ɗaukar aiki, ba su yi aure ba, sai su rubuta uba ko wa. Shekara ashirin ta wuce, ga mata ga 'ya'ya, fom ɗin bai canza ba. Ranar da aka yi rasuwa sai a kira wanda ke takarda, kuɗi su shiga asusunsa, shi kuma ya ɗauka Allah ne Ya kashe ya ba shi. Wannan kuskure ne mai haɗari. Rubuta suna a fom ba kyauta ba ce, domin kyauta ba ta cika sai an karɓa a hannu mai bayarwa yana raye. Idan an ce wasiyya ce, to babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada, ga wanda ba magaji ba kuma ba ta wuce sulusi. Abin da ya rage shi ne wakilci: an ba shi amanar karɓowa ne ya kai wa masu haƙƙi.

Irin wannan ya faru a zamanin Annabi (sallallahu alaihi wa sallam), kuma a kan iyalin mayaƙi ne. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi shahada a Uhudu, ɗan'uwansa ya kwashe dukiyar duka. Matar Sa'adu ta zo da 'ya'yanta mata biyu ta kai ƙara, sai ayar gado ta sauka, Annabi ya umarci baffan ya ba yaran sulusi biyu, ya ba uwarsu tumuni, abin da ya rage ya zama nasa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. Wanda ke riƙe da kuɗin marayun ɗan'uwansa ya karanta aya ta 10 ta Suratun Nisa'i, inda Allah Ya siffanta cin dukiyar marayu bisa zalunci da cusa wuta a ciki.

Abin da yake na matar ita kaɗai

Shi ne abin da doka ta yanka wa matar da sunanta saboda ta rasa mai ciyar da ita, wanda mijin ba zai taɓa iya karɓarsa ba yana raye, ba zai iya sayar da shi ko ya ba wani ba. Alamarsa a bayyane take: yana farawa bayan mutuwa, yana tsayawa idan ita ta mutu, kuma hukuma ce ke gindaya sharuɗɗansa ba tare da la'akari da kason gado ba. Abin da mutum bai mallaka ba kuwa ba a gadonsa daga gare shi.

Tsarin Amurka misali ne mai fito da wannan sarai, kuma akwai Musulmi da yawa da abin ya shafa a can. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda ake kira VA, tana biyan wani kuɗi duk wata mai suna DIC, ba a cire masa haraji, ga matar ko mijin sojan da ya mutu a bakin aiki, ko ya mutu sanadiyyar rauni ko cutar da ya samo a aikin soja, ko kuma ya shekara 10 kafin mutuwarsa a matsayin mai cikakkiyar nakasa ta dalilin aikin. Daga sharuɗɗan da ke tabbatar da auren akwai su yi aƙalla shekara ɗaya tare ko su haihu. Akwai kuma tsarin SBP, wanda sojan da ya yi ritaya ake cire masa kashi 6.5 cikin ɗari na adadin fanshon da ya zaɓa, idan ya mutu a riƙa ba matarsa kashi 55 cikin ɗari na wannan adadin. A Faransa ana ba matar sojan da ya rasu rabin fanshon mijinta. Wannan ya shafi iyalan tsofaffin sojojin Nijar da Chadi da Kamaru da suka yi wa Faransa yaƙi, waɗanda wata doka ta 1959 ta daskarar da fanshonsu, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai a 2011.

Malamai sun ɗan yi saɓani a kan irin wanda ake cire wani abu daga albashi ko fansho domin shi, kamar SBP. Wasu sun ce tun da daga guminsa aka cira, ya zama tarika. Mafi yawa sun ce abin da aka cira bai koma hannunsa ba, ba shi da ikon janye shi yadda ya so, kuma abin da ake biyan matar ba ya bin gwargwadon abin da aka tara, yana iya ninka shi sau da yawa idan ta yi tsawon rai, yana iya gaza shi idan ta rasu da wuri. Wannan na biyu shi ne muke ganin ya fi ƙarfi. Matar da ta ga dama ta kyautata wa surukarta ko kishiyarta daga ciki ta yi alheri, amma ba a tilasta mata.

Abubuwa uku suna biyo bayan wannan hukunci. Ba a biyan bashin mamaci daga wannan kuɗin sai da son ranta. Ba a lissafa shi a cikin tumuninta, a ce ai kina karɓar na gwamnati don haka ki bar wa yara gida. Kuma matar da ba ta gado, kamar Kirista da Musulmi ya aura, tana da cikakken haƙƙin karɓarsa, domin bambancin addini gado yake hanawa, wannan kuwa ba gado ba ne. Hukuncin ɗaya ne ga namijin da matarsa soja ce ta rasu: abin da aka yanka masa da sunansa nasa ne, a tarikarta kuma yana da rabi ko rubu'i.

Abin da aka ware wa yara, na karatu ko na ciyarwa, nasu ne, uwa ko waliyyi amana suke riƙe. Ana kashe shi a kan maslaharsu, mace da namiji daidai idan haka hukuma ta yanka, domin ƙa'idar namiji ya ɗauki rabon mata biyu ta gado ce kawai.

Kuɗin da ke tsakani

Mafi wahala shi ne dunƙulallen kuɗin mutuwa da na inshorar rai ta rukuni da ake biya idan soja ya faɗi a bakin aiki. A nan dole a duba lafazin doka da takardar biya. Idan an ce na matar da 'ya'ya ne, an faɗi kason kowa, a bi wannan. Idan an ce na magada ne, ko na iyali ba tare da bayani ba, ko aka biya ta hannun mutum ɗaya a matsayin wakili, ko aka lissafa shi da shekarun aikin mamacin, to a raba shi rabon gado. Akwai abin da ke ƙarfafa haka a sunna: diyya ma bayan mutuwa take wajaba, amma ana gadonta. Umar ya kasance yana ganin mace ba ta cin gadon diyyar mijinta, har Dahhaku ɗan Sufyanu ya ba shi labarin cewa Annabi (sallallahu alaihi wa sallam) ya rubuto masa ya ba matar Ashyamu Addibabi gadonta daga diyyar mijinta, sai Umar ya koma ga haka.

A Najeriya sojoji ba sa cikin tsarin fanshon adashen gata na sauran ma'aikata, an fitar da su daga ciki a 2011, harkarsu tana hannun Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja. Wanda ya je can ko ofishin rundunar mamacin, kada ya dawo da jimla kawai. Ya nemi a rubuta masa sunan kowane kuɗi daban da wanda doka ta ce a ba, sannan ya kai wa alƙalin kotun shari'a ko malamin da ya san ilimin gado. Inshorar kasuwanci da mamacin ya shiga da kansa kuma hukuncinta daban ne: Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta haramta irinta a 1985, a bisa wannan magada za su ɗauki gwargwadon abin da ya zuba, ƙarin a bayar ga mabukata.

Sake aure

Ke 'yar'uwa da abin ya shafa, wannan ɓangaren naki ne. Wasu dokoki suna tsayar da biya idan kin yi aure. A Amurka DIC yana tsayawa idan an sake aure kafin shekara 55, bisa dokar da ta fara aiki ranar 5 ga Janairu 2021, kafin nan iyakar 57 ce. SBP ma yana tsayawa kafin 55, yana dawowa idan auren na biyu ya ƙare. A Faransa fanshon yana tsayawa da sabon aure. Ingila kuwa ta cire wannan sharaɗi daga 1 ga Afrilu 2015.

Sharaɗin ba saɓon Allah ba ne, kin ga ma Nawawi ya ambaci irinsa, don haka cika shi wajibi ne. Bai halatta a ɗaura aure a masallaci a ɓoye wa hukuma don kuɗi su ci gaba da shigowa ba, kuma cewa ba a yi rajista a kotu ba ba ya wanke ki, domin a wurin Allah ke matar aure ce, kuma duk sanda kika sa hannu cewa ba ki da miji kin yi shaidar ƙarya.  Wadda ta riga ta faɗa cikin wannan ta tuba, ta sanar, ta nemi a tsara mata yadda za ta mayar da abin da ta karɓa.

Ya halatta ki zauna ba aure don ki riƙe 'ya'yanki da wannan kuɗi, matuƙar kin amince wa kanki. Idan kina tsoron faɗawa haram, aure ya zama wajibi a kanki ko da za a yanke kuɗin. Dangin miji kuma ba su da ikon hana ki aure don kada biya ya tsaya. Asma'u 'yar Umais, da mijinta Ja'afar ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, ta auri Abubakar, bayansa ta auri Aliyu, babu wanda ya ga aibinta.

Akwai wata ɓarna mai kama da wannan da ta yi yawa: tsohon soja ya rasu, iyali su ƙi kai rahoto, su ci gaba da cire fanshonsa da katin banki har ranar tantancewa ta tona asiri. Fanshon da aka yanka masa don yana raye ya ƙare da mutuwarsa, sai abin da doka ta ce a ci gaba da ba iyali, shi kuma ta ƙofarsa ake nemansa.

Takaba da bin takardu

Takaba wata huɗu ne da kwana goma kamar yadda ya zo a aya ta 234 ta Suratul Baƙara, mai ciki kuma sai ta haihu. Ana lissafi daga ranar mutuwa, ba daga ranar da labari ya iso ba, kuma wannan yana da muhimmanci ga matan sojoji da saƙo kan yi jinkirin zuwa musu. Wanda ya ɓace a fagen daga ba a ga gawarsa ba, ba a fara takaba ko rabon gado da jita-jita, sai alƙali ya yi bincike ya yanke hukunci.

Mai takaba tana iya fita da rana don bukata, kamar zuwa banki, ko ofis, ko wurin ɗaukar hoton yatsa, ba tare da ado ko turare ba, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Tafiyar da za ta sa ta kwana a wani gari a jinkirta ta ko a naɗa wakili, sai idan haƙƙin zai salwanta kuma ba a karɓar wakilci, to wannan lalura ce, a yi ta gwargwadonta. Kada kuma a bar takardu su yi ta jira da sunan makoki: a tsarin VA wadda ta nema cikin shekara ɗaya da rasuwar ana lissafa mata tun daga watan mutuwar, wadda ta wuce haka kuwa daga ranar da ta nema.

Game da gidan bariki, malaman Malikiyya sun ce matar amir da makamancinsa da ke zaune a gidan hukuma, wanda ya gaje kujerar ba ya fitar da ita sai ta gama idda, Khalil ya ambaci haka a Mukhtasar. Ya kamata kwamandoji Musulmi su kiyaye wannan. Idan duk da haka aka tashe ta, ta koma inda ta samu ta ƙarasa, ba laifi a kanta. A mazhabar Malik mai takaba ba ta da ciyarwa daga tarika, daga rabonta take ci, shi ya sa gaggauta rabo da sakar mata abin da ke nata yake da muhimmanci.

Jami'in da ya riƙe fayil ɗin marayu sai an ba shi wani abu, rashawa yake ci. Wadda aka tilasta wa bayarwa don ta karɓi haƙƙinta, bayan ta rasa wata hanya, malamai da yawa sun ce zunubin yana kan mai karɓa.

Zakka kuma ba ta hawa kan waɗannan kuɗaɗe tun suna hannun gwamnati. A mazhabar Malik ana fara lissafin shekara daga ranar da aka karɓa, idan abin da ya rage ya kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinare, a fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. Rabon marayu ma haka, waliyyinsu ne zai fitar musu.

Allah ne Mafi sani.